Sulhun Maza, Haƙƙin Mata: Fyaɗe, Ƙabilanci da Zaman Bayan Rikici a Jihar Katsina

Wanda ya tsaya a Babban Mutum, can gabashin masarautar Daura, cikin ƙaramar hukumar Baure a bakin iyakar Nijar, yana iya ɗaukar maganar ɓarayin daji kamar labarin wata ƙasa. Jihar ɗaya ce, amma wutar da ta ci Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume tana can yamma da kudu, gefen dajin Rugu da dazuzzukan Zamfara. A nan ana noma gero da gyaɗa, ana cin kasuwa da mutanen Damagaram, Bafulatana tana shigowa gari da ƙwaryar nononta ta koma rugarsu lafiya. Duk da haka daga nan nake so in fara wannan nazari, domin abubuwa biyu da suke bayyana yadda muke ɗaukar matar da aka yi wa fyaɗe bayan an ajiye makami duk suna nan: tarihin wani tsohon sulhu, da kuma zauren mai unguwa.

Zauren zan fara ambata. Ko a garin da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba, idan aka lalata yarinya, mafi yawan lokaci wanda ya aikata sananne ne, maƙwabci ko ɗan uwa ko mai shagon bakin layi. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Manya su taru, a ba uban yarinya haƙuri, a ce masa ya dubi zumunci, a bar kaza cikin gashinta, wani lokaci a biya kuɗin magani, a shafa Fatiha a tashi. Ana kiran wannan rufin asiri. Yarinyar tana cikin gida, ba a tambaye ta ba, uwarta ma sai dai a gaya mata abin da aka yanke. Hujjar da nake so in kafa ita ce, sulhun da ake yi da 'yan bindiga a dazuzzukan Katsina wannan zaman zauren ne aka faɗaɗa. Maza ne suke yafe wa maza haƙƙin da ba nasu ba. Ƙabilanci kuma yana ƙara dagula lamarin, domin yana mayar da abin da ya sami mace ya zama bashin da wata ƙabila ke bin wata.

Tsohon sulhun Daura

Masarautar Daura kanta ƙasa ce da ta fito daga rikici ta zauna. A farkon ƙarni na 19 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Ishaku suka ci birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, gidan sarautar Haɓe ya rabu, wani reshe ya kafu a Zango, wani a Baure. Kusan shekara ɗari aka yi da Daura uku, ta Fulani a birni da biyu na Haɓe a gefe, ga kuma Damagaram daga arewa tana da hannu a cikin al'amarin. Sai a farkon ƙarni na 20, bayan Turawan Ingila da na Faransa sun shata iyaka, aka maido da Malam Musa daga Zango ya zama Sarkin Daura. M. G. Smith ya bi diddigin wannan duka a littafinsa kan Daura na 1978. Sulhun ya ɗore, har yau Bahaushe da Bafulatani suna auratayya a wannan ƙasa, kuma wannan abin godiya ne.

Amma a tambayi abin da ya sami matan da aka kama a hare-haren wancan ƙarni. Sarauta an daidaita ta, iyaka an shata, haraji an tsara. Matan kuwa sun ci gaba da zama a gidajen da aka kai su. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun nuna a bincikensu na 1993 kan yadda bauta ta mutu sannu a hankali a Arewacin Nijeriya cewa Turawa sun 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901, sun buɗe wa bawa namiji hanyar fansar kansa, amma sun kau da kai daga ƙwarƙwarori don kada su ɓata da masu sarauta, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya ba sai 1936. Wato tun a wancan sulhun ma, jikin mace yana cikin abin da aka bari a hannun wanda ya riga ya mallaka, don a samu zaman lafiya tsakanin manya.

Akwai wadda ta ga wannan giɓi tun a lokacin. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, wato matan da ta horar, ke zagaya ƙauyuka suna karantar da mata, ciki har da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu da danginsu. Ta fahimci cewa matar da yaƙi ya taɓa ba za ta zo fada ta yi magana ba, sai an aika mata mace irinta har ɗakinta. Zan dawo kan wannan.

Abin da ake shimfiɗawa kan tabarmar sulhu

Gwamna Aminu Bello Masari ya gwada sulhu a wa'adinsa na farko, ya sake gwadawa a 2019, lokacin da ya shiga ƙauyukan bakin daji da kansa ya zauna da shugabannin 'yan bindiga, aka yi musayar waɗanda aka sace da waɗanda ke tsare. A watan Yunin 2020 ya fito ya ce sun ci amana. A Disamban wannan shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya hau a 2023 yana cewa gwamnati ba za ta nemi sulhu da kanta ba, ya kafa dakarun tsaron al'umma a watan Oktoba na wannan shekarar. Amma a 2025 ƙananan hukumomi suka riƙa yin nasu sulhun ɗaya bayan ɗaya, daga Jibiya zuwa Batsari, Safana, Ɗanmusa, Kurfi har Faskari.

Ba zan zargi wanda ya nemi sulhu ba. Mutumin da ya shekara biyar bai shiga gonarsa ba, ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansar ɗansa, yana da hujjar neman barci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin dubawa shi ne sharuɗɗan da aka riƙa sanarwa: a saki waɗanda ke hannu, a daina kai hari, manomi ya koma gona, makiyayi ya shiga kasuwa da asibiti ba tsangwama, 'yan sa-kai su daina kama mutane, a gina makarantu da mashayar dabbobi. Duk masu kyau ne. Sai dai hotunan tarukan da suka bazu a Facebook maza ne zalla, wasu da rawani, wasu da bindiga a kafaɗa. Matar da aka saki bayan wata uku a daji tana shiga lissafi ne a matsayin lamba, a ce an sako mutum talatin. Abin da aka yi mata a cikin watanni ukun ba ya cikin sharuɗɗan da ake karantowa, haka ma abin da zai faru idan ta haɗu da mutumin a kasuwar da aka buɗe masa.

Ko ƙidaya ma haka take. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya ba da alƙaluman da ake yawan ambato: mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, mutum 190,340 sun bar gidajensu tsakanin 2011 da 2019. Mace ta shiga wannan lissafi ta hanyar mijinta da ya mutu. Takaba abu ne da ake yi a bainar jama'a, a zo gaisuwa, a kawo gudummawa. Fyaɗe kuwa ɓoyewa ake yi, abin da aka ɓoye kuma ba ya samun kaso a kasafin kuɗi.

"Matanmu"

Inda maganar fyaɗe ke fitowa fili a wannan rikici, da bakin maza take fitowa, kuma da kalma ɗaya: matanmu. Ɗan sa-kai ya ce ya ɗauki bindigar toka ne don ana shiga gari ana keta haddin matansu a gabansu. Ɗan bindiga, a hirarrakin da aka yi da su, ya ce an ƙone rugarsu, an kashe iyayensu a kasuwa, an wulaƙanta matansu. Kowane ɓangare yana faɗin abin da ya faru da gaske a wani wuri. Amma dubi aikin da kalmar take yi. Tana ɗauke ciwon daga jikin wadda aka cuta ta ɗora shi a kan mutuncin namiji da na ƙabilarsa, daga nan kuma maganinsa ya zama ramuwa, ramuwar kuma a jikin wata macen za ta sauka, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Idan an zo sulhu sai a ce an yi mana mun yi muku, a yafi juna. Mata biyu aka zalunta, aka soke bashin ɗaya da na ɗayar, ba wadda aka biya.

Wadda wannan lissafi ya fi dannewa ita ce Bafulatanar ruga. Mutane da yawa sun manta cewa shanun Fulani ɓarayin suka fara kwashewa, kuma rugar da ta ƙi ba da ɗanta ko kuɗi ba ta tsira daga gare su ba. Matar irin wannan ruga tana tsakanin wuta biyu. Idan ɗan daji ne ya cuce ta, ba ta isa ta faɗa ba, domin a dajin take kwana. Idan ɗan sa-kai ne ko mai kaki, wa za ta kai wa ƙara, alhali a garin ana kallonta a matsayin mai kai wa ɓarayi rahoto? A lokutan da aka hana Fulani shiga wasu kasuwanni, hanyar asibiti ma ta toshe mata, ga kuɗin nono da man shanu, wanda shi ne nata na kanta, ya yanke. Ga semteende, kunyar da tarbiyyar Fulani ta ɗora mata. Ga harshe, domin akwai matan da ba za su iya bayyana irin wannan abu da Hausa ba ko da suna ciniki da ita. Bahaushiyar ƙauye tana da nata ƙuncin, gori da saki da rasa mai nema, amma aƙalla jama'ar gari sun yarda an zalunce ta. Tsarin da ya ce kawai "mata" bai bambance ba, to wadda ta fi kusa da titi da harshen ma'aikata ita zai isa.

Sai dai kuma kuskure ne a ɗauka ƙiyayyar ƙabila ce tushen abin. Dara Kay Cohen, a littafinta na 2016, ta auna yaƙe-yaƙen basasa na fiye da shekara talatin, ta gano cewa kasancewar yaƙi na ƙabilanci bai isa ya nuna ko za a yi fyaɗe da yawa ba. Abin da ya fi nunawa shi ne yadda ƙungiya ke samun mayaƙa. Wadda ke sato yara ko tilasta wa matasa shiga ta fi aikata fyaɗen taron dangi, domin ta haka baƙin juna ke ƙulla amana a kan laifin da ya haɗa su. Elisabeth Wood kuma ta nuna cewa akwai ƙungiyoyi masu zubar da jini sosai, irin 'yan tawayen Tamil na Siri Lanka, da ba a san su da yawan fyaɗe ba, saboda shugabanninsu sun hana kuma suna hukuntawa. Ta ƙara da cewa sau da yawa ba umarni ake bayarwa ba, ƙyalewa ake yi. Wannan ya yi daidai da abin da ake gani a dabobin dajinmu, inda akwai yara ƙanana da ƙwaya da bindiga, akwai Hausawa masu kai rahoto da masu kai fetur da burodi, akwai baƙi daga ƙetare. Ma'anarsa ga mai tsara manufa a bayyane take. Kacalla, wato shugaban daba, da ya isa ya hana yaransa taɓa manomi a gona ya isa ya hana su taɓa mace a hanyar itace, in an sa shi a sharaɗi, an kuma ɗora masa alhakin duk wanda ya karya.

Duniya ta daɗe da koyon wannan da tsada. Kotun Ruwanda da ke Arusha, a shari'ar Akayesu ta 2 ga Satumba 1998, ta yanke cewa fyaɗe yana iya zama ɓangaren kisan ƙare dangi, kotun da aka kafa kan yaƙin Yugoslabiya kuma a 2001 ta hukunta waɗanda suka tsare matan Foca a Bosniya. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na 1325 a shekarar 2000 kan shigar da mata cikin sulhu, da na 1820 a 2008 wanda ya nemi a cire laifin fyaɗe daga duk wata afuwa. Amma misalin da ya fi kama da namu Saliyo ce. Yarjejeniyar Lome ta 1999 ta yi wa mayaƙa afuwa, shirin karɓar makamai kuma da farko ya nemi mutum ya kawo bindiga kafin ya samu tallafi. Mayaƙi ya miƙa bindiga ya samu kuɗi da koyon sana'a, yarinyar da ya riƙe a daji a matsayin mata ta fito da goyo hannu wofi. Duk lokacin da aka yi maganar ba tubabbu jari ko gina musu wani abu a Katsina ko Zamfara, wannan hoton ya kamata ya zo wa masu yanke shawara.

Ba sai mun je nesa ba ma. A Borno, rahoton da UNICEF da International Alert suka fitar a 2016 ya nuna yadda ake kiran matan da suka kuɓuto daga Boko Haram da sunan annoba, ana gudun 'ya'yansu. Human Rights Watch a 2016 da Amnesty a 2018 sun kawo shaidar mata a sansanonin gudun hijira cewa wasu daga cikin masu gadinsu, har da 'yan kato da gora, sun yi lalata da su a bakin abinci. Wannan gargaɗi ne ga Katsina, inda aka ba dubban matasa kaki da makami don tsaron garuruwansu, inda kuma mafi yawan waɗanda suka gudo ba su cikin sansani, suna kangaye da gidajen dangi, mata da yara suna bara a titunan birni. Tsayawar harbi ba ta kawar da yunwa, yunwa kuwa ita ce ƙofar da mai ƙaramin iko ke bi.

Doka tana nan, hanyar zuwa gare ta ce babu

Ba za a ce an zauna ba a yi komai ba. Tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, a 2015. Ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ta haɗa da namiji, ta tanadi ɗaurin rai da rai, da diyya, da rajistar masu laifi. A Yunin 2020 gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, a Satumba kuma Kaduna ta sa hukuncin dandaƙa. Katsina ta yi dokar kare yara a 2020, ta amince da nata VAPP a ƙarshen 2023. An buɗe cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin Waraka a asibitin Murtala na Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato.

Duk waɗannan an gina su ne a kan hoton laifi guda: mutum ɗaya sananne, yarinya ɗaya, caji ofis a kusa, likita a kusa. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana biyar. Matar da ta yi wata biyu a daji ta wuce duka biyun tun kafin a fara cinikin fansarta. Tsananta hukunci yana sanyaya zuciyar jama'a, amma ba ya tsorata wanda ya tabbata ba za a kama shi ba, a cikin gari kuma yana iya ƙara wa dangi dalilin rufewa idan mai laifin nasu ne, tunda ba mai son ya zama sanadin kashe ɗan ƙaninsa. Sannan shirin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya ya daɗe yana tsaye kan Borno da Adamawa da Yobe. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a Katsina da Zamfara, ta sha kokawa kan yadda aka bar Arewa maso Yamma a baya. Har ta kai waɗanda suka tsallaka Maraɗi tun 2019, aka zaunar da su a wurare irin Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, sun shiga rajistar hukumar 'yan gudun hijira, 'yan uwansu da suka tsaya a gida kuwa ba su da irin wannan rajista.

Akwai kuma wani tsoro da ba a cika faɗa ba. A jihar nan ne kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa a Maris 2002 bisa hujjar ciki, kotun Funtuwa ta tabbatar, sai a 25 ga Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta. Shari'arta ba ta fyaɗe ba ce, amma darasin da matan karkara suka ɗauka shi ne ciki ba miji yana iya zama hujja a kan mai shi, namijin kuma ya rantse ya tafi. A mazhabar Malikiyya ciki hujja ne a kan marar aure sai in akwai alamar tilas. To wace alama ce ta fi a ce gari guda ya shaida an tafi da ita da bakin bindiga? Wannan yana buƙatar malamai da alƙalai su faɗe shi ƙarara a kan mumbari, da Hausa da Fulfulde, don kada wata ta ɓoye cikinta har ya kai ta ga halaka.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa shi ne hujjar tana cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na Andalus, wanda ya rasu a 1148, ya ba da labari a Ahkamul Ƙur'an cewa an kawo masa mutanen da suka tare ayari suka ƙwace wata mata. Wasu malaman lokacinsa suka ce wannan ba hiraba ba ce, wato fashi, tunda ba dukiya aka ɗauka ba, shi kuwa ya yi musu raddi mai zafi, ya nuna cewa fashin mutunci ya fi fashin dukiya muni. Malikiyya kuma sun tafi a kan cewa wanda ya tilasta wa mace, bayan haddi, sai ya biya ta sadakin irinta, kuma nata ne, ba na uba ko miji ba. Game da tuba, wadda ita ce kalmar da ake yi wa sulhun yanzu riga da ita, aya ta 34 a Suratul Ma'ida ta yi rangwame ga ɗan fashin da ya tuba kafin a kama shi, amma abin da ya shahara a mazhabar shi ne haddin hiraba ne ke faɗuwa, haƙƙin bayin Allah yana nan sai mai shi ya yafe. Ashe ko shugaban ƙaramar hukuma, ko hakimi, ko miji, ba mai ikon yafewa a madadinta. Wanda ke ganin ƙuduri na 1820 kayan Turawa ne, ga shi a fiƙihun da ya gada.

Ba ina cewa gobe za a gurfanar da kowane ɗan daji ba. Sulhun da ke tsaye da ƙafa ɗaya ba zai ɗauki wannan nauyi yanzu ba. Amma akwai tazara mai faɗi tsakanin jinkirta haƙƙi da shafe shi. Ana iya rubuta a takardar sulhu cewa taɓa mace karya alkawari ne daidai da kai hari, kuma afuwa ba ta shafi wannan laifi ba. Ana iya cewa duk naira da za a kashe wa tubabbe, a ware kishiyarta ga waɗanda aka sako. Ana iya sa duk wanda aka karɓo daga daji, mace da namiji, ya fara biyawa ta asibiti a matsayin al'ada, ta yadda zuwan ba zai zama tonon asiri ga kowa ba. Dakarun tsaron al'umma kuma su san cewa akwai inda Bafulatana za ta kai ƙararsu a saurare ta da harshenta.

A nan ne ƙasar Daura ke da abin bayarwa, domin abin da ba a gina shi lokacin zaman lafiya ba, ba a gina shi cikin gudu. Daga Sarki zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa da arɗo, sarkar tana aiki a Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa. Masarautar da tarihinta ya fara da sarauniyoyi, take kuma riƙe da sarautar Magajiya, ba baƙon abu ba ne a gare ta mace ta zauna inda ake yanke magana. Umarni ɗaya daga fada cewa ba a kashe maganar fyaɗe a zaure, kuma ba a zama kanta sai da uwar yarinya da wata dattijuwa da yarinyar ta yarda da ita, zai canza abin da dokokin da aka ambata ba su canza ba. Jajis na zamaninmu ma suna nan: ungozoma, malamar Islamiyya, ma'aikaciyar allurar rigakafi da ke shiga gida gida, matan ƙungiyar FOMWAN, da dillaliyar da ta san kowane ɗaki. Su ne ke fara sani tun kafin kowa. Abin da suka rasa shi ne horon abin da za su yi cikin kwana ukun farko, da kuɗin mota, da tabbacin cewa idan sun kai magana ba za a ce sun haɗa gari faɗa ba. A gari irin Babban Mutum, inda dangi ke warwatse a ɓangarori biyu na iyaka, mai laifi yana iya tsallakawa cikin sa'a guda, yarinya ma ana iya tura ta wajen gwaggo a can har ta haihu, don haka sai da fahimtar juna tsakanin masu sarauta da ma'aikatan lafiya na ɓangarorin biyu.

Saura maganar 'ya'yan. A ƙauyukan yammacin jihar akwai yaran da aka haifa bayan an dawo daga daji, wasunsu sun isa shiga firamare. A Ruwanda asusun tallafa wa waɗanda suka tsira daga kisan 1994 bai ɗauki irin waɗannan yara a matsayin waɗanda suka tsira ba, domin bayan kisan aka haife su. A Bosniya sai da suka girma suka kafa ƙungiya da kansu, kafin doka ta amince da su kusan shekara talatin bayan yaƙin. A wajenmu matsalar tana farawa ne tun rana ta bakwai. Wa zai yanka rago, liman zai raɗa suna a gaban wa, me za a rubuta a gurbin uba a takardar haihuwa? Idan matar tana da aure, shari'a ta jingina ɗan ga shimfiɗar mijinta matuƙar bai kore shi ta hanyar li'ani ba, kuma akwai mazajen da suka karɓa suka yi shiru, Allah ya saka musu. Idan budurwa ce, yaron yana tashi a ɗakin kakarsa, 'yan unguwa suna duban hancinsa da hasken fatarsa suna kiransa da sunan ƙabilar da suke zargi, tun bai san ma'anar kalmar ba.